Frigid: kalmar Turanci ta matsanancin sanyi, asalinta da ma'anoninta

Idan Janairu ta kama, duk mai bin labaran Amurka da Kanada da Turanci zai yi ta cin karo da wata kalma, frigid. Za ka ji mai hasashen yanayi yana cewa frigid air ko frigid temperatures, masu fassara namu kuma galibi sai su ce "ana sanyi" su wuce abinsu. To ba ƙarya suka yi ba amma sun rage wa maganar nauyi sosai, don sanyi suna ne ya tara. Ranar 30 ga Janairun 2019 ma'aunin zafi a Chicago ya sauka har kusan digiri 31 ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyos, ranar hukumar gidan waya ta Amurka sai da ta dakatar da raba wasiƙu a yankuna da dama na tsakiyar ƙasar, ma'aikatan jirgin ƙasa kuma wuta suka riƙa kunnawa a mahaɗar layin dogo don kada ƙarfen ya daskare ya ƙi motsi, ana ta gargaɗin mutane cewa fatar da aka bari a buɗe cikin 'yan mintuna za ta iya lalacewa. A Fabrairun 2021 irin wannan iska ta gangara har Texas inda ba su saba ba, lantarki ya ɗauke wa miliyoyin gidaje, hukumomin jihar suka ƙirga mutum 246 da suka rasu. Wannan shi ne frigid. Sanyi ne mai kisa, kuma wannan tsoron da ke cikin kalmar shi ya bi ta zuwa duk sauran ma'anoninta, shi ya sa Bature ba ya taɓa yabon mutum da ita.

Turanci yana da matakala ta sanyi. Cool shi ne ɗan sanyi mai daɗi, chilly wanda ya fara sa ka neman rigar sanyi, cold shi ne gama-gari, sai freezing, sai frigid can sama. Freezing yana da lamba a bayansa wato digirin da ruwa ke zama ƙanƙara, sifili a Selshiyos ko 32 a Faranhait wanda Amurkawa ke amfani da shi, amma frigid ba ta da wata lamba da aka yanka mata, mai magana ne ke jin abin ya wuce misali sai ya ɗauko ta. Idan za a kawo ta Hausa to "muku-mukun sanyi" ko "sanyi mai ratsa ƙashi" sun fi kusa, wanda ya yi karatun allo da na ilimi kuma ya san zamharir da ta zo a Suratul Insan, wadda malamai ke fassarawa da matsanancin sanyi, to nan ne unguwarsu ɗaya.

Asalinta Latin ne, harshen Rumawa. Suna da aikatau frigere wato jin sanyi ko kasancewa da sanyi, da suna frigus wato sanyin kansa, sai sifa frigidus mai sanyi. Masana tarihin harsuna sun bi sawunta baya zuwa wani tsohon tushe da suke rubutawa srig, wanda shi ne kuma ya ba Girkanci kalmar rhigos mai nufin sanyi ko raɓar ƙanƙara, a bakin Rumawa sr ɗin farkon ya koma fr. Da daular Rum ta wargaje Latin ya rarrabu ya haifi 'ya'ya, kalmar ta ci gaba da yawo a bakin talakawa tana goguwa tana gajercewa, Faransawa suka wayi gari da froid, Sifaniyawa da frío, Italiyawa da freddo, mutanen Romaniya kuma har yau frig suke ce wa sanyi. A waɗannan harsuna kalma ce ta yau da kullum, ta ruwan sha da ta safiya mai ɗari, ba wani tsanani a cikinta. Turancin Ingilishi kuwa bai gaje ta ta baki ba, daga littafi ya ciro ta. Frigidity ta fara bayyana a rubuce-rubucen likitanci tun ƙarni na 15, ita frigid ɗin ta zauna da gindinta a ƙarni na 17 wajen shekarun 1620, lokacin da masu ilimin Ingila ke ɗibar kalmomin Latin da yawa suna zubawa a harshensu. Tunda sun riga suna da cold tasu ta gado, baƙuwar sai aka ba ta aiki na musamman, aka ajiye ta don sanyin da ya fi ƙarfin cold. Har yanzu ƙamshin littafi bai bar ta ba, yaro a Landan da ya shigo gida yana rawar ɗari freezing zai ce, frigid ta jarida ce da littafi da rahoton yanayi.

A nan akwai wani rami da mutane da yawa ke faɗawa har da wasu malaman Turanci, wai frigid da freeze da frost dangi ne tunda duk da fr suka fara kuma duk sanyi suke nufi. Kama da wane ba ta wane. Freeze tsohuwar kalmar Ingilishi ce ta gado, a da freosan ake cewa, 'yar'uwar frieren ta Jamusanci, kuma ba gidansu ɗaya da frigidus ba. Yadda aka gane haka yana da ban sha'awa ƙwarai. Wani ɗan Denmak mai suna Rasmus Rask, sannan Bajamushe Jacob Grimm a 1822, sun lura cewa akwai wani sauyin sauti mai tsari tsakanin Latin da harsunan dangin Jamusanci waɗanda Ingilishi ke ciki: inda Latin ke da p su f suke da shi. Latin pater, Ingilishi father. Latin piscis, Ingilishi fish. Latin pes, Ingilishi foot. Ke nan idan kalmar Ingilishi ta gado ta fara da f, 'yar'uwarta a Latin da p za ta fara ba da f ba, kuma haka aka samu, 'yar'uwar freeze ita ce pruina wato raɓar da ta daskare. Wannan dokar dai ta ce inda Latin ke da g su k suke da shi, sai ga shi Latin yana da gelu ƙanƙara, Ingilishi yana da cold da cool. To ka ga ainihin danginsu cold a Latin su ne gelu da gelidus, waɗanda daga baya su ma suka shigo Turanci ta ƙofar baya a matsayin gelid, wata kalmar matsanancin sanyin da ba a cika ji ba sai a waƙe, da gelatin da jelly, har da gelato askirim ɗin Italiya. Ni wannan bangaren na fi so a duk labarin, don yana koya wa mutum cewa asalin kalma ba da kunne ake yanke shi ba, sai an jera misalai an ga ko sauyin yana maimaita kansa.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne su Rumawan da suka ƙirƙiri kalmar ba su tsane ta ba. Ƙasarsu akwai zafi da rani, ruwan sanyi ni'ima ne a wurinsu. Gidajen wankansu na jama'a manyan gine-gine ne da mutum zai shafe yamma guda a ciki, ka tuɓe a ɗakin farko ka bar kayanka wajen mai gadi, ka shiga tepidarium ɗaki mai ɗumi-ɗumi jiki ya saba, ka wuce caldarium mai zafi wanda ake hura wuta a ƙarƙashin daɓensa, hayaƙi da iska mai zafi na bi ta cikin bango, nan za ka yi gumi sharkaf a shafa maka man zaitun a kankare shi da wani lanƙwasasshen ƙarfe tare da dauɗa don ba sabulu suke amfani da shi ba, daga ƙarshe sai frigidarium, ɗakin ruwan sanyi, ka faɗa kwarmin ruwa ka fito garau. A manyan gidajen wankan birnin Rum shi wannan ɗakin sanyin ne ma ya fi kowanne girma da ado. Na sarki Diocletian da aka gama wajen shekara ta 306, girmansa ya kai a ƙarni na 16 Michelangelo ya mayar da shi coci sukutum, Santa Maria degli Angeli, tana nan har yau ana shiga. A Afirka ma akwai, kangon birnin Leptis Magna a Libiya yana da gidan wanka na zamanin sarki Hadrian da ɗakin sanyinsa. Har kogi suka raɗa wa sunan, Frigidus, wanda yau ake kira Vipava a ƙasar Sulobeniya, a bakinsa aka gwabza yaƙi a Satumbar 394 sarki Theodosius ya ci abokin hamayyarsa Eugenius, marubutan lokacin suka ce wata iska mai ƙarfi ce ta taso daga duwatsu ta bugi fuskar rundunar da aka ci.

Daga tushen nan dai suka yi refrigerare wato sanyaya abu, da refrigerium. Kiristocin farko na Rum da Arewacin Afirka, irin su Tertullian mutumin Kartej a Tunisiya ta yau, refrigerium suke kiran hutun da mamaci na gari ke samu bayan mutuwa, suna rubuta addu'ar a jikin kabari. Bahaushe ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan, mu ma "Allah ya sanyaya makwanci" muke cewa. Mutanen ƙasar zafi ko ina suke sanyi rahama ne a bakinsu. Sai da kalmar ta haura arewa ta sauka a Birtaniya, tsibirin da damina da hunturu suke haɗuwa wuri ɗaya, inda talaka ke mutuwa a ɗaki idan gawayi ya ƙare, sannan fuskarta ta murtuke gaba ɗaya.

Wanda ya yi jogirafi a sakandare zai tuna Frigid Zone. Tsohon rabo ne tun na Girkawa, Aristotle ya yi bayaninsa, aka kasa duniya gida biyar: tsakiya mai ƙuna wanda Turawa suka kira torrid, biyu masu matsakaicin yanayi, sai biyu masu sanyi a can ƙuryar arewa da ƙuryar kudu, daga wajen digiri 66 da rabi zuwa ƙarshen duniya. Su a ganinsu ba mai iya rayuwa a tsakiya saboda zafi, ba kuma mai iya rayuwa a ƙuryoyin saboda sanyi. Duka biyun ba su dace ba, Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya wato tsundum cikin yankin da suka ce ba kowa, a can arewa kuma ga al'ummar Inuit ga Sami ga Nenets masu kiwon barewar ƙanƙara shekaru aru-aru, ga birnin Murmansk na Rasha mai mutum sama da dubu 250. Wani abin lura kuma, layin da ya shata wannan yanki ba da sanyi aka ja shi ba, da rana aka ja shi, shi ne iyakar inda ake samun aƙalla kwana guda a shekara da rana ba ta faɗuwa da kuma kwana guda da ba ta fitowa. Shi ya sa garin Tromso na Norway yana cikin Frigid Zone amma ruwan teku mai ɗumi da ke gangarowa daga Atlantika ya sa sanyinsa da sauƙi, tashar jirgin ruwansa ba ta daskarewa, alhali ƙauyen Oymyakon na Saberiya yana wajen layin ta kudu amma a 1933 an auna digiri 67.7 ƙasa da sifili a can. A irin wannan wuri tsohon ma'aunin zafi mai zaiba ba ya aiki don ita kanta zaibar daskarewa take yi tun wajen digiri 39 ƙasa da sifili, sai mai barasa a ciki. Mafi tsananin da aka taɓa aunawa da na'ura a doron ƙasa shi ne 89.2 ƙasa da sifili, a tashar bincike ta Vostok da ke Antatika ranar 21 ga Yulin 1983.

Mu Hausawa kuwa wannan tushen ya daɗe da shigowa gidajenmu ba mu sani ba, shi ne firji. Refrigerator daga refrigerare ta fito, aka gutsure ta ta koma fridge a shekarun 1920. A daidai lokacin ne kuma wani kamfanin Amurka ya cika kasuwa, William Durant mai General Motors ya sayi wani ƙaramin kamfanin firji a 1918, aka sa masa suna Frigidaire a 1919, yana hannun General Motors har 1979, yanzu yana ƙarƙashin Electrolux. Sunan ya yi ƙarfin da a Faransa duk firji frigidaire ne ko frigo ko wane kamfani ya ƙera shi, kamar dai yadda mu kowane garin sabulu Omo ne kowane dunƙule Maggi ne, shi ya sa idan ka tsallaka Maraɗi ko Damagaram firigo za ka ji, a Kano da Kaduna firji ko firij, hanya biyu tushe ɗaya, ɗaya ta biyo Faransanci ɗaya ta biyo Ingilishi. Harafin d da ke cikin fridge wanda babu shi a refrigerator, an sa shi ne don a karanta ta kamar bridge da ridge, in ba haka ba mai karatu zai furta g ɗin da ƙarfi.

Yanzu ga inda nake ganin mai fassara da ɗalibi suka fi bukatar natsuwa, wato idan aka ɗora kalmar a kan mutum ko halinsa. A frigid welcome, a frigid silence, a frigid stare. Idan ka ɗauko ƙamus ka ga "sanyi" ka ce an yi masa tarba mai sanyi, ko ka ce wance tana da sanyin hali, wallahi ka juya maganar ta koma kishiyarta. A Hausa mai sanyin hali abin so ne, mai haƙuri ne marar hayaniya, sanyin murya ado ne, uwa tana kiran ɗanta sanyin idaniyarta, wanda aka biya wa bukata ya ce ransa ya yi sanyi, idan rigima ta tashi dattawa su ce a bi ta a sanyaye. Zafi kuwa shi ne na zafin rai da zafin kai, in ka cire zafin nama. Turanci ya kifa abin, warm shi ne na ƙauna da sakin fuska, cold na ƙeƙasasshiyar zuciya, frigid kuma ƙarshen ƙeƙashewar. Frigid welcome tarba ce da aka amsa sallamarka a daƙile, ba a nuna maka wurin zama ba, ba a kawo ruwa ba, ana duba agogo kana magana, ba zagi ba faɗa amma ka san ba a son ganinka. Mu "ya sha masa ƙamshi" za mu ce, ko "fuska a ɗaure ba alamar annuri", ko "ya karɓe shi a yatsine". Idan ƙasashe biyu ne aka ce alaƙarsu frigid ce, Hausa ba ta bi ta sanyi ba sam, ta ɗanɗano take bi, dangantaka ta yi tsami. Tsofaffin ma'aikatan rediyon Hausa sun gane wannan tun tuni, da Cold War ta zo ba su ce yaƙin sanyi ba, yaƙin cacar baka suka ce, kuma ya zauna daram. Gaskiya ne mu ma muna da sanyi marar daɗi, sanyin jiki na nawa da kasala, da gwiwa ta yi sanyi na karaya, su ma Turawa suna da cool na yabo da sangfroid da suka aro daga Faransanci, a zahiri "jini mai sanyi" amma ma'anarsa dakewa a lokacin tashin hankali. Sai dai ka lura ɗan sanyi ne suke yabo, da zarar ya kai frigid yabo ya ƙare.

Akwai wata ma'ana ta masu nazarin adabi da yanzu ta tsufa, rubutu ko jawabi frigid shi ne wanda mai shi ya yi ta ƙaƙale da manyan kalmomi amma bai taɓa zuciyar kowa ba. Aristotle ya ware wa wannan aibi babi a littafinsa na balaga, mawaƙin Rum Catullus kuma ya yi waƙa yana cewa karanta jawabin wani Sestius ne ya sa masa mura da tari. Mu lami muke cewa, ko ba armashi.

Ma'ana ta ƙarshe ita ce mai nauyi kuma ita ce dalilin da ya sa kada ɗalibi ya kuskura ya kira mace da wannan kalma yana zaton sanyin hali yake yabawa. Ta samo asali ne daga tsohon ilimin likitanci na Girkawa, na su Galen a ƙarni na 2, wanda ya ce jiki yana tafiya ne a kan ɗabi'u huɗu, zafi da sanyi da danshi da bushewa, lafiya ita ce daidaituwarsu. Wannan ilimin ba baƙo ba ne a wurinmu, shi ne ya shiga littattafan ɗibbu na Larabci, Ibn Sina ya tsara shi a Al-Ƙanun, aka fassara shi zuwa Latin a Toledo a ƙarni na 12 Turai ta yi ta karantar da shi shekaru ɗaruruwa, malamanmu na zaure ma sun san harara da buruda, wato zafi da sanyi. A wannan tsari sha'awa da ƙarfin namiji na zafi ne, rashinsu kuma sanyi ne ya yi yawa. To abin da mutane da yawa ba su sani ba, tun farko maza ake kira frigid ba mata ba. Kundin dokokin coci da Paparoma Gregory na 9 ya fitar a 1234 yana da babi guda mai suna De frigidis et maleficiatis, wato a kan masu sanyi da waɗanda aka yi wa sammu, magana ce ta mijin da ya kasa kusantar iyalinsa da kuma ko za a iya warware auren. Fiƙihunmu ma ya san mas'alar, shi ne mijin da alƙali ke ba wa shekara guda a gani. Da ma'anar ta shigo Ingilishi a tsakiyar ƙarni na 17 a kan maza ta shigo.

Sai a ƙarni na 19 zuwa farkon na 20 kaya suka sauka daga kan namiji aka ɗora wa mace. Namiji aka bar masa impotence, kalmar da ke nuna wata gaɓa ce ta gaza, cuta ce a nemi magani, mace kuma aka liƙa mata frigid, kalmar da ta riga ta ɗauki ma'anar ƙeƙasasshiyar zuciya da rashin ƙauna, ka ga bambancin ai, shi jikinsa ne ya samu matsala ita kuma halinta ne ya ɓaci. Almajiran likitan tunanin nan Sigmund Freud suka ɗauki abin da zafi, Wilhelm Stekel ya rubuta littafi guda a kai a 1920, aka yi ta faɗaɗa ma'anar har ta kai matan da lafiyarsu ƙalau ma ana ce musu suna da cuta a ƙwaƙwalwa, ana tura su wajen likitan tunani shekara da shekaru, ba mai tambayar ko akwai ciwo, ba mai tambayar yadda mijin yake tafiyar da ita, ba mai tambayar ko da yardarta aka yi auren. Wannan zalunci ne da aka yi da kalma, kuma abin yana min ciwo don mata da yawa sun rayu sun mutu suna ganin laifin kansu. Binciken William Masters da Virginia Johnson a Amurka, wanda suka fara wallafawa a 1966, da kuma matan da suka tashi suka ƙalubalanci abin a shekarun 1970, su suka karya wannan fahimta. Kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda ake kira DSM, a bugunsa na 1980 ya koma amfani da wasu sunaye na daban masu bayyana ainihin abin da ke damun mutum, a bugun 2013 aka sake gyara su. Yau likita mai mutunci ba ya rubuta frigid a katin mara lafiya. A titi dai tana nan, zagi ce, samari a makarantun Birtaniya da Ostireliya suna jifan yarinyar da ta kama kanta da ita don su matsa mata.

Dalilin da ya sa likitocin suka yar da ita shi ne kalma ɗaya ta rufe abubuwa barkatai da kowanne maganinsa daban. Wata zafi take ji saboda ƙwayoyin cuta ko tabon haihuwa ko kaciyar da aka yi mata tana yarinya, wata shayarwa ce ta sauya mata sinadaran jiki na ɗan lokaci, wata shekarun ɗaukewar al'ada ne, wata ciwon suga ne ko matsalar maƙoƙo, wata ciwon damuwa ne ko ma maganin damuwar da take sha, wata gajiya ce kawai ta aikin gida da raino ba mai taimako, wata kuma tsoro ne ko ɓacin rai da ke tsakaninta da mijin wanda ba allurar da za ta warkar. Mu ma fa muna da irin wannan buhun, sunansa "sanyi". Ka saurari masu tallar magani da lasifika a tasha ko a rediyo, ƙaiƙayi sanyi ne, fitar ruwa sanyi ne, ciwon mara sanyi ne, rashin haihuwa sanyi ne, rashin sha'awa da raunin namiji duk sanyi ne, kuma jarka ɗaya ce maganinsu duka. Alhali a cikin waɗannan akwai wanda ƙwayar bakteriya ce da ke bukatar gwaji a asibiti da maganin da ya dace da ita, kuma sai an yi wa miji da mata tare in ba haka ba ta dawo, idan aka bar ta kuma tana iya hawa ta toshe hanyar ƙwai, akwai wanda fangas ne da maganinsa daban ne gaba ɗaya, akwai kuma wanda ba cuta ba ce sam, fitar ruwa ce ta al'ada da kowace mace mai lafiya ke gani a wasu kwanakin wata.